Kindisch: kalmar Jamusanci da ba a yabon babba da ita

Wani ɗan'uwa da ke koyon aikin jinya a Jamus ya aiko da wannan tambaya: "Malam, akwai wata dattijuwa abokiyar aikinmu, mai yawan fara'a, kullum cikin raha take da marasa lafiya. Rannan na so in yabe ta, sai na ce mata 'Sie sind so kindisch', ina nufin zuciyarta fes take kamar ta ƙaramin yaro. Nan take na ga fuskarta ta canza, kuma tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na san kalmar daga Kind ta fito, wato yaro. To ina laifina? Kuma mene ne bambancinta da unreif da nake yawan ji a wurin aiki?"

Ƙanena, niyyarka ba ta da laifi, wutsiyar kalmar ce ta kashe ka. Abin da kunnen baiwar Allah nan ya ji, in aka juyo shi Hausa, shi ne: "Ke dai kin cika yarinta, da girmanki da komai." Ka ga kuwa ko a gida ne ka faɗa wa sa'ar mahaifiyarka haka a gaban mutane, in har ta ci gaba da amsa gaisuwarka to ta yi maka kara.

Kalmar Kind ta haifi sifofi biyu a Jamusanci, kindlich da kindisch. Uwarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Kindlich bayani kawai take yi: abin da ya shafi yaro, ko ya dace da yaro, ko ya yi kama da na yaro. Likita zai ce die kindliche Entwicklung, wato yadda yaro ke girma. Malaman makarantar reno za su yi maganar frühkindliche Bildung, tarbiyyar farkon ƙuruciya. In aka ɗora ta a kan babba, yawanci da taushi take zuwa: kindliche Freude, murna irin ta yaro wadda ba algus a cikinta, kindliche Neugier, son sanin abu irin na yara, ein kindliches Gesicht, fuskar da ta ƙi tsufa. Ita kuwa kindisch hukunci ce. Mai faɗinta ya auna shekarunka, ya auna abin da ka aikata, ya ga ba su yi daidai ba, shi ne yake gaya maka. Shi ya sa da wuya ka ji an ce da ɗan shekara uku kindisch. Yaron da ya faɗi ƙasa yana birgima don an hana shi alewa aikinsa yake yi. Amma magidancin da ya daina yi wa maƙwabcinsa magana saboda an ajiye keke a inda ya saba ajiye nasa, wannan shi ne kindisch tsantsa. Kalmar ta manya ce, ko aƙalla ta yaron da ya isa a ce masa "kai fa ka girma".

Mu ma muna da wannan rabon a Hausa, sai dai ba da ɗafa-ƙeya muke yin sa ba, da yanayin magana muke yi. In tsohuwa ta ce "lokacin ƙuruciyarmu", daɗi take tunawa. In ta dubi ɗanta mai mata biyu ta ce "wai kai yaushe za ka bar yarintar nan?", faɗa take yi. Ta farko ita ce gefen kindlich, ta biyu gefen kindisch.

Wannan wasa na -lich da -isch bai tsaya a kan yaro ba, kuma in ka riƙe shi zai fisshe ka a wurare da dama. Bauer shi ne manomi. Bäuerlich na nufin abin da ya shafi manoma da rayuwar karkara, ba zagi a ciki. Bäurisch kuwa shi ne abin da muke kira ƙauyanci ko gidadanci. Ka lura, mu ma "abincin ƙauye" daban, "ƙauyanci" daban. Weiblich shi ne jinsin mace, shi za ka gani a fom ɗin asibiti kusa da männlich. Weibisch kuwa gori ne da ake yi wa namiji cewa yana halin mata, kalma ce mai wari wadda ta raina mata da mazan gaba ɗaya, kada ta fito daga bakinka. Herr shi ne maigida ko ubangida: herrlich abu ne mai ƙayatarwa, kamar yanayi mai daɗi ko abinci mai kyau, amma herrisch mutum ne mai nuna isa, mai magana kamar kowa baransa ne. Kada dai ka ɗauka duk inda ka ga -isch zagi ne. Da ita ake gina sunayen harsuna da na asali, kamar arabisch, französisch, nigerianisch, haka kuma praktisch da technisch da städtisch, duk lafiyayyu ne. Warin yana fitowa ne a inda kalma ɗaya ta mutum ta haifi tagwaye, ɗaya da -lich ɗaya da -isch. A nan ne ta biyun ta kan ɗauki kayan tsiya.

Da can ma ba haka abin yake ba. A Jamusancin tsakiyar zamani kindisch na nufin matashi ko mai ƙuruciya, ba tare da reni ba. Sannu a hankali ma'anar ta karkata. Akwai wata shaida da nake son nuna wa ɗalibai. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Martin Luther, wadda ta fito cikakkiya a 1534, akwai ayar da Bulus ke cewa da ya zama babba ya ajiye abubuwan yarinta, a wasiƙa ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura 13 aya 11. Kalmar da ke wurin kindisch ce, kuma ta zauna har a bugun 1912. A sabunta fassarar da aka yi daga baya sai aka mai da ita kindlich, haka take a bugun 1984. Maganar ba ta canza ba, kunnen masu karatu ne ya canza.

Akwai wuri ɗaya da kindisch ke sassautawa, kuma gara ka san shi don kada ya ruɗa ka. Bajamushe zai iya cewa "Ich habe mich kindisch gefreut", wato na yi murna kamar yaron da aka saya wa kayan Sallah. Ko ya ce yana jin ein kindisches Vergnügen in ya taka busasshen ganye yana ƙara. A nan mutum kansa yake yi wa dariya, ya san abin bai kai ya kawo ba amma yana jin daɗinsa. Mutum yana da ikon ya faɗa wa kansa haka. Abokai na ƙut da ƙut ma suna jifan juna da "Du bist echt kindisch!" suna dariya, kamar yadda abokan wasa ke yi a wurinmu. To kai ka haɗa abubuwa uku da ba sa haɗuwa: ka faɗa wa wani ba kanka ba, wanda ya girme ka, kuma da Sie, wato lafazin girmamawa. "Sie sind so kindisch" jimla ce da ake ji a bakin mutanen da suka yi faɗa a ofis suna ƙoƙarin riƙe mutunci. Ba ta da wata fassara ta alheri.

Ta fuskar nahawu ba ta da wahala. In ta zo bayan aikatau ba ta canzawa: er ist kindisch, sie ist kindisch, das ist doch kindisch. In ta gabaci suna sai ta ɗauki ƙarshen da ya dace da jinsi: ein kindischer Streit, rigimar yarinta, eine kindische Reaktion, ein kindisches Verhalten. Tana aiki a matsayin bayanau ba tare da an ƙara mata komai ba: sich kindisch benehmen, mutum ya yi halin yara. Jimlar da za ka fi ji ita ce "Sei nicht so kindisch!", ka bar yarintar nan. Ana cewa kindischer in ana gwada biyu, da am kindischsten in abin ya kai maƙura, ko da yake wannan ta ƙarshe ko Jamusawa sai sun tauna harshe kafin su fitar da ita.

Tunda an zo maganar harshe, ka kula da furuci, don nan ma akwai rami. Kindisch ana faɗinta "kindish", da d sosai da sh irin namu na "shinkafa". Kindlich kuwa d ɗin t take komawa, "kint-li", sannan a rufe da wani sauti da ba mu da shi. Ka shirya bakinka kamar za ka ce "yi", sai ka huro iska ba tare da murya ba. Yawancin ɗalibanmu sh suke mai da shi, su ce "kindlish". Ba su kaɗai ba ne: a yankin kogin Rhein, wajen Kolon da Bon inda gidan rediyon DW yake, da Hessen da Sachsen, 'yan ƙasa da yawa "ish" suke cewa maimakon ich, wato "ni", mai wannan sautin a ƙarshe. Idan haka ne bakinka ya saba, to l ɗin nan ita kaɗai ta rage tsakaninka da zagi. Ka fito da ita fili.

Sai unreif, wadda ka ce kana yawan ji a wurin aiki. Wannan daga gona ta fito, ba daga ɗakin yara ba. Reif shi ne nunanne, un- kuma ɗafa-goshi ne na korewa, don haka unreif shi ne abin da bai nuna ba, ɗanye. Eine unreife Banane, ɗanyar ayaba. A nan Hausa da Jamusanci tunaninsu ya zo ɗaya, domin mu ma muna cewa wane ɗanyen kai gare shi, ko an yanke ɗanyen hukunci. Amma ka yi hattara, "ɗanye" namu ya fi unreif faɗi. Ɗanyen nama a Jamusanci roh ne, ba unreif ba. Haka "nuna" namu ya haɗa mangwaro da shinkafa, su kuwa sun raba: mangwaro reif yake zama, shinkafa a tukunya gar take zama. Na taɓa jin ɗalibi ya ce naman da aka ba shi unreif ne, aka yi ta dariya, domin abin da ya faɗa kamar a ce saniyar ce ba ta balaga ba.

Idan aka ɗora unreif a kan mutum, abin da ake nufi shi ne bai kai ba tukuna. Hankalinsa, ko yadda yake riƙe fushinsa, ko yadda yake ɗaukar nauyi, bai ƙosa ba. Ga inda suka rabu da kindisch. Unreif na kallon gaba: akwai inda ake sa ran ka kai, ba ka isa ba. Kindisch na kallon baya: ka riga ka wuce wurin, ka dawo da kanka. Shi ya sa ana iya cewa ɗan shekara shida unreif ne game da shiga makaranta ba tare da an zage shi ba, ana nufin a ƙara masa lokaci, amma ba a ce masa kindisch a wannan ma'ana. Wani bambancin kuma, kindisch yawanci aiki ɗaya take nunawa, na yau, na yanzu. Mutum mai hankali ƙwarai zai iya yin abu kindisch da yamma ya ji kunya da safe. Unreif kuwa mutumin gaba ɗaya take aunawa. A ganina ita ta fi ciwo, duk da ta fi sanyin sauti. In shugabar sashenku ta ce maka "Das war kindisch", kuskure ɗaya ta gani. In ta rubuta cewa kai noch unreif ne ga wani aiki, tana cewa ba za ta bar ka kai kaɗai a kansa ba. Ta farko a fuska ake faɗinta cikin zafi, ta biyu ita ke shiga takarda.

A asibiti kuma za ka ji unreif ba tare da ko ɗigon hukunci ba. Jaririn da aka haifa kafin cikar mako 37, wanda muke kira bakwaini, su suna ce masa Frühgeborenes ko Frühchen, kuma za a ce huhunsa ko hantarsa unreif ce, ba ta gama ƙosawa ba. Allurar da ake yi wa mai ciki in ana tsoron haihuwa za ta zo da wuri, don huhun jariri ya yi saurin ƙosawa, da sunan Lungenreife ake maganarta. Wanda ya cika watanninsa kuma reif geboren ne. Ba wanda zai ce huhu kindisch ne, sai dai kindliche Lunge, huhun yaro.

Jamusawa sun ɗauki wannan hoto na nunar 'ya'yan itace sun gina tsarin karatunsu a kai. Takardar da ake samu bayan aji 10 ana kiranta mittlere Reife, nuna ta tsaka-tsaki. Abitur, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a bayan aji 12 ko 13, sunanta a hukumance allgemeine Hochschulreife, wato ka nuna har ka isa shiga jami'a. A Ostiriya da Suwizalan Matura suke cewa, daga kalmar Latin mai ma'anar nuna ɗin dai. Har kotu abin ya shiga. A Jamus mutum yana zama volljährig, cikakken baligi a idon doka, da shekara 18. A Jamus ta Yamma sai daga 1 ga Janairun 1975 aka sauko da shi daga 21. Amma wanda ya yi laifi yana tsakanin 18 da cikar 21 doka na kiransa Heranwachsender, mai tasowa, kuma alƙali zai duba ko hankalinsa da tarbiyyarsa har yanzu na matasa ne. In ya ga haka, sai ya yi masa hukunci da dokar matasa. Wato doka da kanta ta yarda shekaru daban, Reife daban. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a maganar dukiyar maraya ba balaga kaɗai ake jira ba, sai an ga rushdi, wato ya san ciwon kansa da na dukiyarsa, kafin a miƙa masa.

Wannan ya kawo mu ga kalma ta uku da ƙamus ya kan jera tare da su, unmündig. Da yawa suna zaton daga Mund ta fito, wato baki, kamar a ce wanda ba shi da bakin magana. Zaton ya yi kyau amma ba haka ba ne. Asalinta tsohuwar kalma ce, Munt, mai nufin kariya da walicci, ita ce kuma a cikin Vormund, waliyyi, da Mündel, wanda ake riƙo. Unmündig shi ne wanda har yanzu yana ƙarƙashin waliyyi, ba ya yanke wa kansa. A Jamus yaro yana zama strafmündig, wanda za a iya hukuntawa a kotu, da shekara 14. Masanin falsafa Immanuel Kant ya ɗauko kalmar daga kotu ya kai ta fagen tunani a wata maƙala ta 1784, inda ya ce wayewar kai ita ce mutum ya fita daga Unmündigkeit ɗin da shi ya jawo wa kansa, wato kasa amfani da hankalinsa sai da jagora. Daga nan ne ake yawan jin der mündige Bürger, ɗan ƙasa mai tunanin kansa, kuma a fagenku der mündige Patient, majinyacin da ake yi wa bayani ya zaɓa da kansa. Wannan kalma ba ta faɗan cikin gida ba ce. Ba wanda zai ce wa matarsa unmündig don ta ɓoye masa rimot.

Sauran 'yan'uwan ba sa buƙatar dogon bayani. Albern shi ne shirme da wasan banza, dariya ba dalili, kuma ya fi kindisch sauƙi nesa ba kusa ba. Mutane na cewa "Wir waren gestern total albern", wato jiya mun sha shirme, suna jin daɗi. Infantil ita ce kindisch da ta sa kwat, kalmar 'yan boko da masu nazarin halayyar ɗan Adam, ta fi sanyi kuma ta fi yanka. Pubertär ana faɗinta ga babban da ke halin 'yan shekara sha huɗu, musamman barkwancin batsa da neman a kula shi. Akwai kuma karin maganarsu, noch grün hinter den Ohren, wai bayan kunnensa kore ne har yanzu, ga sabon shiga wanda bai san dawan garin ba. Irinsa ake kira Grünschnabel. Kindskopf kuwa babba ne mai son wasa, kuma sau da yawa da ƙauna ake faɗinta, irin kawun nan da yara ke rububinsa. In rigima ta yi yawa a wurin aiki za ka ji wani ya ce "Wir sind hier nicht im Kindergarten", nan fa ba makarantar reno ba ce. Wannan ma kindisch ce aka faɗa a kaikaice.

Abu ɗaya da ya shafi aikinka kai tsaye. A tsohon salon magana ana cewa tsoho ya zama kindisch, er wird kindisch, daidai da abin da muke kira gigin tsufa. Za ka iya ji a bakin dangin majinyaci, musamman su ma tsofaffin. Ka fahimce ta, amma kada ka maimaita, kuma kada ta shiga rahotonka. A rubuce ana faɗin abin da aka gani ne: verwirrt, ya rikice, desorientiert, bai san inda yake ko wace rana ce ba, ko a ambaci Demenz, ciwon mantuwa da rikicewar tunani, in likita ya tabbatar. Ka kuma tuna abokiyar aikin taka dattijuwa ce. Ba mamaki wannan ma'anar ma ta gifta mata a rai lokacin da ka yi maganar.

Game da gyara kuwa, kada ka koma ka ce mata kindlich kake nufi ka tsaya a nan. Ko kindlich ɗin, in aka faɗa wa babbar mace a wurin aiki, tana iya jin kamar ana cewa ba ta da wayo, ko ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Abin da ka gani a wurinta yana da sunayensa: herzlich, mai sakin fuska da zuciya ɗaya, fröhlich, mai fara'a, lebensfroh, mai jin daɗin rayuwa, jung geblieben, wadda tsufa bai taɓa ranta ba. Ka same ta ita kaɗai, lokacin hutun shan kofi ya fi, ba a gaban majinyata ba, kuma ba sai ka haɗa da doguwar ban-haƙuri irin tamu ba, don tana iya sa ta ƙara tsarguwa. Ka ce: "Entschuldigung, ich habe neulich das falsche Wort benutzt. Ich wollte sagen, dass Sie so herzlich und fröhlich sind." Wato ki yi haƙuri, rannan kalmar da na ɗauko ba ita ba ce, so na yi in ce ke mai sakin fuska ce da fara'a. In ta tambaye ka me ka zaci kindisch ke nufi, ka gaya mata gaskiya yadda ka gaya mini.